Babi na Shida: Ɗigar Ruwa a Ɗakin Direban A-kori-kura

A Kaduna damina takan kankama daga watan Mayu zuwa Oktoba, kuma ruwa ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba. A wannan lokaci ne mai a-kori-kura kan buɗe ƙofa da safe ya tarar da kafet ya jiƙe sharkaf. Bai kamata a raina wannan matsala ba, domin danshin da ya kwanta a ƙarƙashin kafet yana kawo tsatsar da ke huda ƙarfen ƙasan mota, yana kuma lalata wayoyin wuta da suka bi ta wurin.

Kafin a kashe ko kwabo, sai a fara tantance irin ruwan. A dangwala yatsa a ciki, a duba, a shinshina. Idan yana da santsi da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kuma launinsa kore ne ko ja, to ruwan lagireto ne yake zuba daga hita, wato na'urar ɗumama cikin mota, da ke bayan dashbod, wannan kuwa aikin bakanike ne. Idan ruwan garai-garai ne, yana taruwa a ɓangaren fasinja ko da ba a yi ruwan sama ba, yawanci ɗan tiyon da ke fitar da ruwan na'urar sanyaya mota ne ya toshe, kuma hura masa iska kawai yakan wadatar.

Ruwan sama shi ya fi wahalar ganowa, saboda inda yake taruwa ba lallai ne ya zama inda ya shigo ba. Ana bukatar mutum biyu. A ɗage kafet, a busar da ƙarfen, a shimfiɗa tsohuwar jarida, sannan ɗaya ya zauna a ciki da tocila, ɗayan kuma ya riƙa zuba ruwa a hankali daga waje. Wajibi ne a fara daga ƙasa a hau sama, ana dakatawa na 'yan mintoci a kowane wuri, domin wanda ya fara kwarara ruwa a kan rufi ya jiƙa ko'ina a lokaci guda, ba zai san ƙofar ɓarawon ba.

Wurin da aka fi mantawa da shi shi ne kwatamin da ke gindin gilashin gaba, ƙarƙashin waifa. Ƙurar hunturu da ganyen dalbejiya sukan taru a nan su zama laka, su toshe ramukan da ruwa ke fita, sai ya cika ya gangara ciki ta hanyar shigar iska. A cire murfin, a kwashe lakar, a zuba ruwa har sai an ga yana sauka a bayan tayoyin gaba. A kuma duba ramukan ƙasan ƙofa, da robar ƙofa, da robar gilashin baya, da robobin da wayoyi ke ratsawa daga wajen inji, waɗanda masu haɗa rediyo kan huda su bari a buɗe.

Robar da ta bushe ta tsage, canza ta ya fi. A tafi Panteka, kasuwar kayan gyaran mota ta Kaduna, da tsohuwar a hannu don a gwada. A ganinmu, lafta gam a gefen gilashi ba gyara ba ne, gara mai gilashi ya cire shi ya sake ɗaurawa. Idan tsatsa ta riga ta huda ƙarfe, sai mai walda ya yanke ya yi faci, a shafa fenti. Kada a mayar da kafet sai soson da ke ƙarƙashinsa ya bushe ƙayau a rana.