Yadda za ka ajiye mota batir bai mutu ba

Masu tafiya Umara da masu dogon hutu sun yi ta tambayata. A Jos, sanyin Disamba da Janairu ba ya raga wa batir mai rauni. Ga yadda nake yi:

1. Ranar da za ka ajiye ta, zaga da motar kamar minti 30.
2. Kashe fitilu da rediyo.
3. Kashe inji, zare makulli.
4. Ɗauki sifana, yawanci lamba 10, ka kwance baƙar waya mai alamar (-).

Hattara: kada ka fara da jar waya. In sifana tana kan jar waya ta taɓa ƙarfen mota, sai tartsatsi. Na ga yaron makanike ya ƙone yatsa haka.

5. Naɗe bakin wayar da busasshen tsumma.
6. Goge farin garin da ya taru a kan batir da burushi.
7. Duk wata a auna batirin da mitar auna ƙarfin wuta. Volt 12.6 cikakke ne, ƙasa da 12.4 a kai shi caji.
8. Ranar dawowa, mayar da wayar, ɗaure ta tamau.

In ba za ka cire waya ba, a riƙa tuƙa motar duk mako. Tayar da ita minti biyar a tsaye ba ya cika batir.