Yadda ake ɓoye bayan hoto da marufin leya a Photoshop

Marufin leya (layer mask) ba ya goge komai, ɓoyewa kawai yake yi, shi ya sa ya fi magogi nesa ba kusa ba.

1. Buɗe hoton, ka zaɓi leyar, wato shimfiɗar da hoton yake kai a jerin leyoyi (Layers).

2. A ƙasan jerin leyoyi akwai ɗan akwati mai da'ira a tsakiya. Danna shi, farin akwati zai fito kusa da leyar.

3. Tabbatar farin akwatin ka zaɓa, in ba haka ba hoton kansa za ka ɓata da fenti.

4. Latsa B don burushi, ka shafa baƙi a kan bayan hoton da kake son ɓoyewa. Baƙi na ɓoyewa, fari na dawowa da abin da ya ɓuya, ruwan toka na dusashe shi. In hannu ya zarce ya cinye kunnen mutum, latsa X ka koma fari ka shafa. Wajen gashi, sai burushi mai laushi da haƙuri.

5. Adana hoton a PSD, tsarin fayil na Photoshop, domin JPEG ba ya riƙe marufi.