Yadda na dawo da aikin Shift a Photoshop bayan sabuntawa

Hoto ya riƙa karkacewa a Free Transform, wato umarnin da ake sauya girman hoto da shi, fuskar mutum ta yi faɗi kamar an danne ta, alhali ina riƙe da Shift. Dalilin shi ne tun sigar CC 2019 aka juya aikin maɓallin: jan kusurwa kawai yana kiyaye daidaiton tsawo da faɗi, riƙe Shift kuwa shi ke sakin su. Hannun da ya saba shekara da shekaru ba ya karɓar wannan cikin sauƙi.

Don dawo da tsohon aikin Shift, na danna Ctrl+K wanda ke buɗe saitunan manhajar, a shafin General na sa alama a Use Legacy Free Transform. Zaɓin yana nan daga siga 20.0.5 zuwa sama, wanda bai gan shi ba sai ya sabunta.

Ctrl+Z na soke aikin da aka yi ma ya canza, yanzu yana ta komawa baya taki bayan taki. Mai son tsohon tsari ya shiga Edit, Keyboard Shortcuts, ya zaɓi Use Legacy Undo Shortcuts, sannan ya rufe manhajar ya sake buɗewa, in ba haka ba gyaran ba zai kama ba. Wannan dai na bar shi, sabon ya fi amfani.