Yadda Ake Kafa Bakin Saƙa Mai Buɗewa Ya Koma

Da hunturu ya fara kaɗawa a Katsina, masu saƙar hannu kan duƙufa a kan hulunan jarirai, safa da rigunan sanyi, kuma abin da ya fi ɓata irin wannan aiki shi ne layin farko, wato idanun da ake ɗorawa a kan allura kafin a shiga jikin saƙar. Idan layin nan ya yi tsauri, jikin hular zai miƙe amma bakinta ya ƙi, har ya bar shaida a goshin yaro. Kewayen kan sabon haihuwa bai wuce kimanin santimita 35 ba, kuma cikin 'yan makonni yake ƙaruwa.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce murɗaɗɗen kafi, wato salon ɗora layin farko da ake dangantawa da Jamus, wasu kuma su ce na Norway ne. A bar jelar zare mai tsawon ninki huɗu na faɗin bakin da ake so, domin wannan hanya ta fi ta yau da kullum cin zare. A yi ƙullin zarge a kan allura, sannan a rataya jelar a babban yatsan hannun hagu, zaren dunƙule kuma a kan manuni, a riƙe ƙarshensu biyu a tafin hannu. Sai a bi da bakin allura ta ƙarƙashin zaruruwa biyun da ke babban yatsa, a tsoma ta cikin madaukin da suka yi a yatsan daga sama, a dawo da ita gaba, a ɗauko zaren manuni, a ɗan lanƙwasa babban yatsa don madaukin ya buɗe, a jawo zaren ta ciki. Wannan ƙarin murɗi shi ne ke ajiye zare a gindin kowane ido, wanda bakin zai ci idan an ja shi.

A nan ne da yawa ke kuskure: suna haɗa allura biyu su ɗora idanu a kansu, suna zaton girman ido shi ne sassauci. Hakan manyan idanu kawai yake bayarwa, gindin kuwa yana nan a ɗaure. Abin da ake bukata shi ne tazara, don haka a dafe sabon ido da yatsa, a bar ɗan fili kamar kaurin zaren tsakaninsa da na baya, kada a tsuke.

Akwai kuma kafin Italiya, wanda bakinsa ke fitowa a zagaye kamar na suwaitar kanti, sai dai yana son hannun da ya goge.

Yawancin ulun da ake samu a babbar kasuwa na roba ne, kuma ba ya komawa yadda gashin tumaki na gaske yake yi, auduga kuwa ta fi shi taurin kai. Saboda haka a ɗora ido 20, a saƙa layi shida na ido ɗaya gaba, ido ɗaya baya, a ja da hannu a saki. Idan bakin ya tsaya kafin jikin ya gama miƙewa, a warware a ƙara tazara kafin a taɓa hular.