Hattara da limaman Buddha na bogi

Jama'a, musamman masu zuwa Bangkok ta ƙasar Thailand saro kaya, ku kula. Limamin Buddha na ɗarikar Theravada, wadda ake bi a Thailand, dokoki 227 ke kansa, ciki har da haramcin karɓar kuɗi da hannunsa. Da sassafe yake fita ba takalmi, rungume da ƙwaryarsa, bakinsa shiru, mutane su zuba masa shinkafa. Rana na yin tsaka ya gama cin abinci sai gobe.

To, wanda ya aske kai, ya yafa mayafi ruwan goro, ya turo muku lambar asusunsa na banki ta Facebook wai gyaran wurin ibada, kada ku tura ko sisi. Haka mai ɗaura muku zare a hannu a titi ya ce ku biya. Wuraren ibadarsu suna da wakilai da ba limamai ba, su ke riƙe kuɗi.