Yadda Ake Sauraron Gwanin Fiyano a Taron Okestira

Bakanon da ya saba da kiɗan fada da na biki, inda maroƙi ke kirari, mata na rangaɗa guɗa, jama'a kuma na liƙi, zai tarar da wata al'ada dabam a zauren kiɗan gargajiyar Turai, domin a can shirun masu sauraro shi ne girmamawar da ake yi wa makaɗa. A Najeriya irin wannan taro ya fi samuwa a Legas, musamman a cibiyar MUSON da ke Onikan, ta Ƙungiyar Kiɗa ta Najeriya da aka kafa a 1983, saboda haka mutumin Kano ko dai tafiya ta kai shi can, ko kuwa ya kalla ta YouTube yana zaune a gida.

Tun kafin ranar, ka nemi sanin abin da za a kaɗa, ka saurare shi ko da sau ɗaya ne. Kiɗan da aka tsara domin fiyano tare da okestira, wato babbar tawagar makaɗa masu goge da busa da ganguna, ana kiransa kwancato, kuma yawanci kashi uku ne: na farko mai sauri, na tsakiya mai sanyi, na ƙarshe mai zafi. Kwancaton fiyano na farko na Tchaikovsky, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, wanda aka fara kaɗawa a Boston ta Amurka a 1875, yakan haura rabin awa, kuma wanda bai san tsarinsa ba zai iya ɓata a tsakiya.

Wajen sayen tikiti, ka zaɓi kujera a hagun zaure idan kana fuskantar dandamali, domin daga nan ne ake ganin yadda yatsun gwanin ke yawo a kan maɓallai 88. Ka duba lokacin farawa ka yi sallarka tukuna, ka kashe waya, ka shiga da wuri, tunda wanda ya makara akan tsayar da shi a ƙofa sai an kai wurin dakatawa.

Kafin madugu, wato mai jagorantar makaɗan da 'yar sanda a hannu, ya fito, za ka ji mai busa obo, wato ɗan'uwan algaita, ya ja sauti guda ɗaya, sauran makaɗa suna daidaita kayansu a kansa. Wannan ba kiɗan ba ne tukuna.

Da zarar an fara, kada ka ce sai ka bi kowane makaɗi da ido, alhali suna iya kaiwa saba'in ko fiye. Abin da ya fi dacewa shi ne ka kasa kunne ga yadda fiyano da okestira ke karɓa wa juna: masu goge su kawo wani amo, fiyano ya karɓa ya juya shi, masu busa su dawo da shi a wata murya. A ganina nan ne daɗin kwancato yake, ba a saurin yatsu ba, ko da yake saurin ne ke fara ɗaukar hankalin baƙo. Dab da ƙarshen kashi na farko, madugu yakan sauke sandarsa, makaɗa su yi tsit, a bar gwanin shi kaɗai ya baje kolin fasaharsa. Wannan wuri ana ce masa kadenza, kuma a zamanin Mozart, shahararren mai tsara kiɗa na ƙarni na 18, sau da yawa mai kiɗa yakan ƙirƙire shi nan take, amma yanzu galibi rubutacce ake kaɗawa.

Tsakanin kashi da kashi akan ɗan yi shiru, kuma bisa al'ada ba a tafi a nan, duk yadda kiɗan ya ratsa ka. Sai an kammala kashi na uku, gwanin ya miƙe ya gaisa da madugu, sannan a tafa. Idan tafin ya daɗe, yakan dawo ya ƙara wani gajeren kiɗa shi kaɗai, daga nan a tafi hutun kamar minti ashirin kafin okestira ta ci gaba ba tare da shi ba.