Kurakuran da aka fi yi wajen ba da labarin Ƙoƙo Mai Tsarki

Duk wanda ya taɓa kallon finafinan Turawa na barade masu sulke da kwalkwali ya ji zancen wani ƙoƙo da suke fita nema, wanda suke kira Holy Grail. Labari ne da nake ƙauna, shi ya sa abin yake ci mini tuwo a ƙwarya idan na ji an cakuɗa shi, an haɗa tarihi da tatsuniya a tukunya ɗaya.

Kuskure na farko shi ne zaton cewa labarin yana cikin Linjila. Ba ya ciki. Abin da littafin Kiristoci ya ambata shi ne ƙoƙon da Yesu ya ɗauka a jibin ƙarshe da almajiransa, da kuma wani mutum, Yusufu na Arimatiya, wanda ya roƙi gwamna Bilatus ya ba shi gawar Yesu ya binne, bisa aƙidarsu ta gicciyewa. Iyakarsa ke nan. Barade da neman ƙoƙo ba su shigo ba sai bayan shekara fiye da dubu, a hannun mawaƙan Faransa. Saboda haka in za ka ba da labarin, ka ce adabin Turai ne na ƙarni na 12 da na 13, kada ka jingina shi da nassi.

Wanda ya fi wannan yawa shi ne cewa tun asali ƙoƙo ne. Wanda ya fara rubuta labarin, Chrétien de Troyes, ya yi waƙarsa wajen 1180 zuwa 1190, ya bar ta ba a ƙarasa ba. Kalmar da ya yi amfani da ita, graal, a Faransancin wancan zamani sunan wani faffaɗan mazubin abinci ne mai ɗan zurfi, irin wanda ake kai wa manya nama ko kifi a ciki. Da akushi ya fi kama, sai dai nasa na zinariya ne da duwatsu masu daraja. Sai wajen 1200 ne Robert de Boron ya ce ai wannan mazubi shi ne na jibin ƙarshe, kuma a cikinsa Yusufu ya tari jinin Yesu. Shi kuwa Bajamushe Wolfram von Eschenbach, a farkon ƙarni na 13, cewa ya yi dutse ne. Mazubi, ƙoƙo, dutse: marubuta uku, abu uku. Maganin ruɗanin shi ne ka riƙa faɗin bakin wa ka ɗauko, da shekarar da ya rubuta.

Haka kuma mutane kan ce Sarki Arthur, sarkin Birtaniya a tatsuniyar, shi ne ya fita nema. Bai fita ba. A ruwayar Faransanci ta wajen 1225, baradensa ne suka yi rantsuwar tafiya, shi kuwa ya zauna yana baƙin ciki don ya san da yawansu ba za su komo ba. Gwarzon farko Perceval ne, ɗan daji da mahaifiyarsa ta ɓoye don kada ya san yaƙi. Galahad daga baya aka shigo da shi. Mahaifinsa Lancelot, duk da ba a kai shi jarumta, bai cim ma buri ba saboda alaƙarsa da matar sarki. Uku ne suka kai: Galahad, Perceval da Bors, kuma Bors kaɗai ya dawo ya ba da labari.

Zancen da ke yawo cewa ƙoƙon wai zuriyar Yesu ce ta ɓoye, asalinsa wasa da haruffa ne: san greal, mazubi mai tsarki, aka raba shi sang real, jinin sarauta. Wani ƙagaggen littafi na 2003 ne ya baza shi duniya. Babu wata shaida ta tarihi a bayansa, haka ma iƙirarin cewa baraden Templar, wasu mayaƙan addini na Kirista waɗanda Paparoma ya rushe ƙungiyarsu a 1312, sun ɓoye shi.

To akwai ƙoƙon na gaske? Cocin Balensiya a Sifen tana da wani na dutsen aƙiƙ da ke hannunta tun 1437. A Jenowa ta Italiya akwai wani kore mai kusurwa shida da aka daɗe ana ɗauka zumurrudu ne, har sojojin Napoleon suka kai shi Paris, ya dawo a fashe, aka tabbatar gilashi ne. Daidai ne ka ce ana girmama su, amma kada ka ce an tabbatar ɗayansu ne na gaske.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne mayar da labarin farautar dukiya, wai wanda ya fi ƙarfin takobi shi zai samu. Dubi yadda Chrétien ya tsara daren da Perceval ya ga mazubin. Perceval yana zaune kusa da mai masaukinsa, sarki gurgu da rauni ya hana shi hawa doki, sai wani saurayi ya gitta riƙe da farin mashi, ɗigon jini na gangarowa daga tsininsa har hannun mai riƙon. Budurwa ta biyo da mazubin, haskensa ya dushe kyandira kamar yadda fitowar rana ke dushe taurari. Tambaya ta zo masa har baki: wa ake kai wa wannan abinci? Amma malaminsa ya taɓa yi masa kashedi da yawan surutu, sai ya haɗiye ta, ya ce gobe da safe ya tambayi wani bara. Gari ya waye, gidan ba kowa, dokinsa a ɗaure da sirdi, yana fita aka ɗage gada a bayansa. Daga baya aka gaya masa da ya yi tambayar, da sarkin ya warke.

A ruwayar Wolfram, bayan shekaru na yawo da nadama Perceval ya komo gidan, ya san yanzu cewa majiyyacin ɗan'uwan mahaifiyarsa ne. Ya tsaya gabansa ya ce, "Kawu, me ke damunka?" Sarkin ya miƙe da lafiyarsa.